Daga Yawuri Zuwa Malale: Ranar Da Raga Ta Kama Farfela

Tun kafin rana ta ɗaga muka sauka bakin ruwa a Yawuri, ni da Kawu. Watan Disamba ne, hunturu ya kankama, hazo ya rufe ɗaya gaɓar har ba ka ganin komai sai fari fat. Kawu fataucin busasshen kifi yake yi, ya fi shekara 30 yana bin kasuwannin bakin kogin Kwara. Ni kuwa hutun makaranta ne ya ba ni sarari, na ce bari in raka shi Malale in ga tafkin Kainji, ruwan nan da muka tashi muna jin labarinsa a bakinsa. Ya ce in mota za mu bi zagaye ne mai nisa, ga kaya, amma ta ruwa in Allah ya yarda la'asar a can za ta yi mana.

Jirgin na katako ne, dogo, an lafta masa buhunan albasa da na shinkafa, da gishiri, da jarkokin fetur, da babura biyu a kwance, da kwandunan Kawu waɗanda za su dawo cike. Mu fasinja mun haura 30. A can baya aka rataya injin, Yamaha mai ƙarfin doki 40, fentinsa duk ya koɗe. Direban Bagunge ne, wato ɗan ƙabilar Gungawa, ba mai yawan magana ba, yana da yara biyu: ɗaya a goshin jirgi riƙe da doguwar gora, ɗaya a tsakiya yana kwarfe ruwa da yankakkiyar jarka.

Abin da ya fara jan hankalina shi ne, kafin ya ja igiyar inji sai da ya ɗaga shi sama, ya sunkuya ya juya farfela da hannu, ya zura yatsa bayanta yana laluba. Na kuma lura da wata 'yar wuƙa da ya ɗaure da zare ya rataya a wuya, babban yaron nasa ma haka.

Na ce, "Kawu, wuƙar nan fa?"

Ya ce, "Ita ce birkinsu, ita ce tayarsu ta safaya. Allah ya sa kada ka ga amfaninta yau."

Muka kama hanya, kogi yana buɗewa a hankali. Kawu ya shiga nuna mini wurare da baki. Ruwan nan da muke kai, in ji shi, da ba haka yake ba. An gama madatsar Kainji a 1968, ruwa ya ja da baya fiye da kilomita 130 har ya taɓo Yawuri, aka tashi mutum sama da 40,000 daga garuruwansu. Gungayen da Gungawa suka samo sunansu daga gare su, mafi yawa suna ƙarƙashin ruwa. Tsohuwar Busa ma, inda Bature Mungo Park ya halaka a 1806, tana can ƙasa. Gonaki sun nutse, kasuwanni sun nutse, itatuwa kuma da yawa a tsaye ruwa ya same su. Har yau kututturansu na nan, wasu ka ga kawunansu baƙi ƙirin kamar mutane sun tsaya wanka, wasu kuma suna ɓoye taƙi ɗaya ƙarƙashin ruwa. Waɗannan na ɓoyen su ne abin tsoro.

Ba mu daɗe da wuce Zamare ba, inda ake fito zuwa Rofiya, sai direba ya rage wuta, ya kashe inji da kansa. Babu wanda ya ji wata ƙara. Ya ɗaga injin, ya miƙa hannu ya ɓamɓaro wata baƙar leda da ta manne a jikin ƙafarsa, ya mayar, ya tayar, muka ci gaba. Duka-duka bai kai minti biyu ba. Na matsa kusa da shi na ce, "Direba, ya aka yi ka sani?" Ya nuna mini wani siririn ruwa da ke tsartuwa daga gefen injin. Fitsarin inji suke ce masa. Injin da ruwan kogi yake sanyaya kansa: akwai 'yan ƙofofi a ƙafarsa, kusa da farfela, inda yake zuƙar ruwa, wata 'yar farfelar roba ta tura shi sama ya zagaya, sannan ya fito. In leda ta toshe ƙofofin, fitsarin ya yanke, robar nan ta ci gaba da juyawa a bushe har ta ƙone, injin ya ɗau zafi ya buga. Shi ya sa, ya ce, idonsa ɗaya na gaba, ɗaya na kan fitsarin.

Yana gama faɗin haka wani saurayi a gabana ya shanye fiya wata ya wurga ledar cikin ruwa. Direba ya bi ta da kallo har ta wuce, bai ce uffan ba.

Daga nan muka shiga kainuwa. Ba irin wadda muka sani a kududdufan gida ba, mai kama da ganyen latas, wadda ake ce wa dashen Allah. Wannan doguwa ce, mai kumburarren wuya da fure shuɗi-shuɗi mai kyan gani, saiwoyinta kuwa baƙaƙe, dogaye kamar gashin mace. Asalinta daga Kudancin Amurka take. Ta ɓulla a ruwayen Legas a 1984, kafin shekarun 1980 su ƙare kuma ta gangaro Kainji daga sama, ta wajen Nijar. In ta sami wuri, cikin mako biyu sai ta ninka kanta. Kawu ya tuna lokacin da ta riƙa rufe mashigai har kwale-kwale ya kasa fita, sai da wani shiri na haɗin gwiwar Najeriya da Jamus ya tashi haiƙan a shekarun 1990: aka riƙa gayyar kwashe ta da hannu, aka saki wasu ƙwari masu cin ta, aka kuma gitta shinge a kan ruwa ta wajen Zamare don tare ta. Ta ragu, amma ba ta tafi ba.

Kwara sau biyu take kawo ruwa a shekara. Akwai farin ruwa na damina, mai laka, sannan akwai baƙin ruwa wanda ya taso tun daga duwatsun Gini, ya ratsa Mali da Nijar, ba ya isowa nan sai hunturu. Shi muka tarar, kuma duk abin da ya tsinta a hanya da shi yake tafe: kainuwa, dunƙulen ciyawar burgu da ya tumɓuke, rassan itace, tsofaffin buhuna. Yaron goshi ya yi ta ture su da gora yana nuni da hannu, dama, hagu. Inda abin ya yi kauri, direba kan ba da wuta, sannan ya saka firi ya ɗan ɗaga inji, jirgi ya zame ya wuce da ƙarfin gudunsa. Sau biyu ciyawa ta naɗe farfela, ka ji injin yana kuka amma jirgi ba ya gaba. Ya sa ribas, ya dawo da ita gaba, ta kakkaɓe. Ciyawa mai sauƙi ce, in ji shi, domin tana tsinkewa.

Wajen azahar muka fito sarari, inda tafkin ya yi faɗi har ya haura kilomita 20. Gaɓa ta ɓace. Iska ta taso daga arewa maso gabas, ruwa ya canza launi ya koma kamar darma, igiyoyin ruwa suka fara dukan jirgi suna fantsamo mana. Mata suka rufe yara da mayafi. Hira ta ragu. Kawu ya ce muna dab da gungun Foge.

Ban ga komai a kan ruwa ba. Abin da na ji kawai shi ne muryar injin ta yi ƙasa, kamar an shaƙe rago, jirgin ya yi wata girgiza da na ji ta har cikin haƙorana, sai ɗif.

Wanda bai taɓa jin shirun nan ba, da wuya ya gane. Awa shida kunnenka na cike da ƙara, sai a ɗauke ta lokaci guda a bar ka da kukan iska da tafin ruwa a jikin katako. Jirgin da yake yanka igiyar ruwa da goshinsa ya zama gungumen itace. Ya juya a hankali ya ba iska haƙarƙari, ya fara tangaɗi. Wata mata ta ɗauki salati, sauran suka amsa. Wani mutum ya miƙe tsaye yana leƙe, na kusa da shi ma ya miƙe, jirgin ya karkata har na ga ruwa ya kusa shafar bakinsa.

A nan na fara jin direba ya ɗaga murya. "Kowa ya zauna! Alhaji, don girman Allah zauna! Wanda ya sake miƙewa shi zai kashe mu!"

Aka zauna. Na san abin da ke ran kowa, domin shi ne a raina. Ranar 26 ga Mayu, 2021, jirgin da ya taso daga Lokon Minna zuwa Wara ɗauke da mutum sama da 150 ya nutse a ruwan nan, waɗanda aka ceto ba su da yawa. Babu wanda ya ambata, amma kana ganin abin a idanun mutane.

Direba ya kama inji zai ɗaga, ya ƙi. Shi da ƙaramin yaron suka haɗa ƙarfi, ya ɗan taso, sai ga ta: raga fara mai santsi ta dunƙule farfela gaba ɗaya har ba ka ganin fikafikanta, igiya mai kauri ta miƙe daga nan ta nutsa ƙasa, a ɗame kamar tsirkiya. Ragar kafe take, an ɗaure mata dutse a gindi. Ma'ana, ba inji kaɗai muka rasa ba, an ɗaure mu ta baya. Iska ta ci gaba da tura jirgin har ya juya ya ba igiyar ruwa ƙeya. Bayan jirgi kuwa shi ne wuri mafi ƙasa, nan nauyin inji yake, nan jarkokin fetur suke. Igiyar ruwa ta farko ta haura ta zubo. Ta biyu ta fi ta.

Direba ya ce mutum shida na baya su koma gaba, ɗaya bayan ɗaya, da rarrafe, ta tsakiya. Ina cikinsu. Bayan ya ɗan ɗago. Ƙaramin yaro ya kama kwarfa, wani fasinja ya ɗauki kwanon abincinsa ya taya shi.

Babban yaron, wanda ba zai wuce shekara 17 ba, ya riga ya tuɓe riga. Na ga direba ya yi abubuwa uku da nake so duk mai jirgi ya riƙe. Ya tabbatar giya na firi. Ya cire hular fulogi, domin injin irin wannan in aka juya farfela da hannu yana cikin giya, yana iya tashi, hannu kuma ya tafi. Sannan ya ɗaure yaron da igiya a ƙugu, ya naɗa ɗaya bakin a damtsensa. Tuɓe rigar ma da dalili: raga ba ta barin maɓalli, ba ta barin zobe ko agogo, abin da aka yi ta don ta kama kifi ta kunne, da shi take kama mutum ta yatsa. In an yi rashin sa'a akwai mamari a kusa, ƙugiyoyi ne ɗaruruwa jere a zare ɗaya, babu ruwansu da kifi ne ko ɗan Adam.

Yaron ya ce, "Maigida, in yanke igiyar?"

"Tukuna. Fara da ta jikin farfela."

Ya yi bisimilla ya zame cikin ruwa. Ruwan Disamba. Bayan jirgi yana tashi yana faɗuwa, ƙafar inji na lilo a saman kansa, yana riƙe da ita da hannu ɗaya yana yanka da ɗaya. Ragar ta matse ta yi tauri kamar itace, wuƙa na zamewa. Ya nutsa, ya taso ya tofar da ruwa, ya sake nutsawa.

Muna cikin haka muka ji kira daga cikin hazo. Wani ɗan kwale-kwale ne, dattijo a baya yana tuƙi da filafili, jikansa a gaba. Yadda yake hawa igiyar ruwa da wannan ɗan abu, ka san cikin ruwa aka haife shi.

"Kada ku yanka! Kada ku yanke mini igiya!"

Direba ya ce, "Baba, rai sama da 30 ne a nan. Ka shimfiɗa raga a kan hanya babu alama?"

"Babu alama? Waɗancan mene ne?"

Sai a lokacin na gan su. Gutsattsarin tsofaffin silifa ne da ɓallin farin soso, an ɗaɗɗaure a igiyar sama, da wata baƙar gorar roba a ƙarshe. A ruwa kwance, da rana tsaka, mai ido zai gani. Cikin hazo da igiyar ruwa kuwa, ko a gaban hancinka suke ba ka bambanta su da kumfa.

Dattijon bai tsaya jayayya ba. Ya ce wa yaron, "Ɗana, fito haka nan, sanyi zai kama ka." Ya bi igiyar da hannu har inda dutsen yake, shi da jikansa suka jawo shi suka ɗora a kwale-kwale. Nan take ɗamewar ta saki, jirginmu ya daina shan ruwa ta baya, inji ya ɗagu har sama. Dattijon ya matso ya dubi dunƙulen, ya karɓi wuƙa, ya nemo bakin igiyar sama ya warware ta zagaye bayan zagaye, yana juya farfela baya da hannu, bai yanke ta ba. Idanun ragar kawai ya yanka, su ma a layi ɗaya. Aikin da yaron ya yi minti 20 yana fama, ya gama shi cikin abin da bai kai rabin haka ba. Kawu ya raɗa mini cewa ido ana ɗinke shi a yini ɗaya, amma in igiyar sama ta gutsuttsure, sai an sake ɗaurin ragar daga farko.

Da hankali ya kwanta sai magana ta tashi, jiragen biyu na gefe da gefe, yara na riƙe da bakinsu. Direba ya ce jarka ɗaya mai launin ɗorawa da tsumma a kan sanda ta isa ta raba su da wannan masifa. Dattijo ya ce ya taɓa sawa. Ya sa babbar alama, da dare aka zo aka janye ragar ɗungurungum, da kifin da komai, bashin da ya ci ya saye ta kuwa sai da ya shekara yana biya. Tun daga nan ya koma alamar da shi kaɗai ya san ta. Ya ƙara da cewa, "Kuma nan ba hanyarku ba ce. Watan jiya can gabas kuke bi." Direba ya ce gaskiya ne, amma ruwa ya hau, kututturan da suke gani suna kaucewa yanzu sun nutse, dole suka matso nan inda suka tabbata da zurfi. Tafkin Kainji tsakanin cikarsa da janyewarsa a shekara yakan kai kusan mita 10, don haka hanyar jirgi ba ta zama wuri ɗaya, wurin kifi ma haka.

Na saurare su duka biyu, na rasa wanda zan ba rashin gaskiya. Wannan jarinsa inji, wancan jarinsa raga, ruwa ɗaya ke ciyar da su, kuma babu wanda ya taɓa zaunar da su ya ce ga naka ga nasa.

Wata Hajiya mai albasa ce ta raba gardamar. Ta ce, "Baba, da ba ka zo ba da Allah kaɗai ya san yadda za mu ƙare. Direba, shi ma asara ya yi." Ta kwance bakin zaninta ta fara sa kuɗi a murfin kwano, aka zagaya da shi. Abin da aka tara bai kai kuɗin ƙyallen raga ba, amma ya isa zaren ɗinki. Dattijo ya ƙi karɓa sai da Kawu ya sa baki. Ya ciro faliya biyu manya daga ɓangaren da aka yanka ya jefa wa yaron da ya shiga ruwa, wanda ke zaune cikin bargon wata mata yana kaɗuwa, jini na ɗiga daga tafin hannunsa inda zare ya tsaga shi.

Inji ya tashi a ja na uku. Aka yi hamdala, wasu har da dariya. Direba dai fuskarsa ba ta saki ba. Ya ɗora tafin hannu a kan murfin injin yana saurare, ya ƙi ba da wuta sosai. Da rana ta yi ja ya karkata zuwa wani ƙauyen masunta a gaɓar yamma, ya ce nan za mu kwana. Wasu suka yi gunaguni, Malale ta kusa. Ya ce NIWA, hukumar kula da hanyoyin ruwa ta ƙasa, ta hana tafiyar dare, ko da ba ta hana ba shi ba zai shiga duhu da injin da bai yarda da shi ba. Na ji daɗin wannan magana har raina.

A ƙauyen akwai makanike, rumfarsa ta zana a bakin ruwa. Bayan magariba na bi direba can, na riƙe musu tocila. Ya miƙe ɗan ƙarfen da ke kulle noti ya zare shi da filaya, ya sa katako ya tokare farfela, ya kwance noti da sifana, ya zaro ta. Bayanta akwai wani washa mai kauri. Da ya cire shi sai ga wani zobe baƙi-baƙi, kore-kore, mai tauri kamar awarwaro, ya kama sandar farfela gam. Ya sa tsinin sukudireba ya ɓanɓaro shi ya ɗora mini a hannu.

"Malam, ka san mene ne wannan? Zare ne."

Ya yi mini bayani dalla-dalla. Babbar raga, in ji shi, ba ita ce mugunyar ba, domin tana tsayar da kai ka gan ta ka cire. Mugun shi ne ɗan siririn zaren roba da ba ka ji shigarsa ba. Yana zamewa ta ratar da ke tsakanin farfela da gidan giya, ya naɗe sanda. Sandar na juyawa sau dubbai a minti, zaren ya yi zafi ya narke ya dunƙule, ya riƙa cin robar sil da ke tsare man giya, kamar zarto. In sil ya mutu, mai ya fita, ruwa ya shiga. Ya kwance ɗan sukurun ƙasa ya tara gwangwani. Abin da ya zubo ba mai ba ne, fari ne kamar kunun gyaɗa. Direba ya dafe kai.

Makanike ya ce, "Da ka ƙara kwana uku a haka, haƙoran giya za su tafi. Sil kuɗinsa kaɗan ne. Giya kuwa sai ka sayar da saniya."

Sannan ya faɗi abin da ya tsaya mini a rai. Ya kai zoben gaban tocila ya ce, "Ragar yau fara ce. Wannan kore ne, zaren mamari ne. Ya yi makonni a nan." Wato tun kafin mu bar Yawuri ɓarnar tana ciki, yatsan direba da ya laluba da safe bai kai gare ta ba, domin sai an zare farfela ake ganin ta. Ragar dattijo ƙarasawa kawai ta yi. Direba ya yi shiru, can ya ce, "Allah ya yafe mana, na ɗora wa Baba fiye da nasa."

A gefen rumfar akwai wani tsohon daro cike da abin da makaniken ya ciro daga farfelu. Ya bar ni na tona. Zaren raga kala-kala, igiyar buhu, yagaggen gidan sauro, bakin zani, wayar birkin keke, robar ɗaurin kaya, leda ba iyaka. Ya nuna mini wata farfela da robar cikinta ta murje: ana sa robar ne don in farfela ta daki abu ta zame ta ceci giya, amma in ta zame sau ɗaya shi ke nan, inji zai yi ta ihu jirgi na tsaye. Ƙananan injuna kuma wani ɗan ƙarfe ne a ciki da aka yi shi don ya karye, mai hankali ba ya fita sai da biyu ko uku a aljihu.

Wani tsoho da ke zaune a kan turmi yana sauraronmu ya ce a zamanin ƙuruciyarsa da zaren auduga da rama ake saƙa raga. In ta maƙale a itace ka bar ta, kafin shekara ta zagayo ta ruɓe. Ta yanzu ba ta ruɓewa. Duk kututturen da ke ƙarƙashin tafkin nan, in ji shi, sanye yake da rigar raga, wata kan wata, tana ta kama kifin da babu mai ci, har ranar da ruwa zai tsinko ta ya sako ta hanya. Ita ba ta da alama, ba ta da mai ita, babu wanda zai zo da kwale-kwale ya ɗaga mata dutse.

Daren nan ban yi barci sosai ba. A duk lokacin da jirgi ya kife a ƙasar nan, maganar da ake yi ita ce lodi ya yi yawa, babu rigar kariya, an yi tafiyar dare, jirgi ya tsufa. Duk gaskiya ne, kuma a jirginmu ma rigunan ba su kai rabin mutane ba. Amma abin da na gani da idona shi ne, jirgi mai lodi yana tafiya lafiya muddin farfela na juyawa. Ranar da ta tsaya cikin iska ne lodin ke zama ajali. Filafili biyu kacal ne a jirginmu. Babu ƙaramin inji na ko-ta-kwana. Kuma abin da zai raba mai jirgi da mai raga ba ya buƙatar kwangila: a zauna gaban Sarkin Ruwa da shugabannin masu jirage duk lokacin da ruwa ya hau ko ya janye, a ce ga hanya, a jera mata jarkoki masu launi, raga kada ta gitta ta, wanda kuma aka kama ya janye ragar wani a hukunta shi yadda masunta za su yarda su sa alama ba tare da tsoro ba. Makanike ya ce shi roƙonsa ɗaya ne, kowane direba ya zare farfela sau ɗaya a mako ya duba bayanta. Aikin minti goma ne.

Da asuba an sa sabon sil, an ɗura sabon mai. Muka tashi ruwa kwance kamar faranti, hazo na tashi daga kansa. Saurayin nan na jiya ya sake shan fiya wata, ya ɗaga hannu, sai Hajiya mai albasa ta ce, "Ɗan nan, miƙo ta nan." Ta cusa ledar a bakin buhu.

Hantsi ya yi mana a Malale. Ƙamshin banda ya tarye mu tun daga nesa, kwale-kwale jere a bakin gaɓa, mata na shanya warangi a kan tabarmi. Kawu ya sauka ya shige cikin dillalai, tun kafin in ɗauko jakata na ji muryarsa yana taya kwandon kurungu. Na tsaya na yi sallama da direba. Ya riga ya ɗaga inji yana tsintar wani abu a jikin farfela, ya jawo zare mai tsawon kamu ɗaya, ya naɗe shi a yatsa ya sa a aljihu. Babban yaron yana can goshin jirgi, hannunsa ɗaure da tsumma, yana karɓar buhunan masu komawa Yawuri.